Ranar da Dalma Ya Ɗaure Kwamfuta Biyar

A duk danginmu babu wanda ya kai Dalma son buɗe cikin abin da ba a sa shi ba. Yana ɗan shekara bakwai ya kwance rediyon Babansa don ya ga mutumin da ke magana a ciki. Da bai same shi ba sai ya mayar da rediyon yadda yake, sukurori huɗu suka yi saura a tafin hannunsa, kuma abin haushi, rediyon ya ci gaba da magana. Tun daga ranar ya yanke cewa masu ƙera kaya suna zuba sukurorin banza ne don su tsorata mutane. Agogon bango, dutsen guga, tocilan Umma, duk sun sha hannunsa. 'Ya'yan kawunnansa har rantsuwa suke yi cewa idan ya shigo gida, fanka da kanta take rage gudu don kada ya lura da ita. Sunan kuwa a wurin aiki ya samo shi: kullum warin dalmar da ake narkawa a liƙe waya yake yi, har a ranar da ya fara zuwa gaida surukansa sai da aka buɗe tagogi.

Umma ta sha kuka a kan rashin karatunsa. Baba, wanda ya shekara talatin yana buga tafireta a ofis, shi kaɗai ne bai taɓa ɗaga masa murya ba. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Ku ƙyale shi, wata rana zai mayar da sukurorin."

Dalma ya girma, ya yi aure, ya buɗe shagon gyaran kwamfuta a wani layi na masu sana'a. Shago ne da idan mutum ya yi atishawa a ciki sai ya bugi bango biyu. Benci ɗaya, kujera mai ƙafa uku da bulo a madadin ta huɗu, wayoyi na reto daga ƙusoshi, da kwali cike da linzaman kwamfuta matattu waɗanda ya ƙi zubarwa wai akwai ranarsu. A damansa akwai Tela, dattijo mai ciwon baya. A tsallaken titi kuma Mai Kemis.

Wata shekara wani ofis ya tashi, aka fitar da tsofaffin kwamfutocinsa, Dalma ya kwaso guda biyar. Baƙaƙen akwatuna ne iri ɗaya sak, ko wanda ya ƙera su ba zai bambanta su ba. Huɗu ya bari a shago. Ta biyar ya kai wa Baba, wanda a lokacin idonsa ya dushe, ba ya iya rubutu. Ya sa mata makirfo, ya ɗiga jan farce a kan maɓalli ɗaya, ya ce, "Baba, ka danna nan ka yi ta magana, ita za ta riƙe maka."

Baba kuwa ya yi ta magana. Shekara biyu, duk safiyar da ya ji ƙarfi, yana zaune yana murza man zafi a gwiwoyinsa, yana ba kwamfuta labari: yadda ya shigo birni da akwati ɗaya, shugaban ofis da ke barci ido buɗe, ranar da ya fara ganin Umma a tashar mota tana faɗa da kwandasta. Zama ya fi ɗari biyu. Har akwatin ya ɗauki ƙamshin man zafi. Bayan Allah ya yi masa rasuwa, Umma ta mayar da abin karin kumallonta. Da safe za ta haɗa shayi, ta jona dutsen guga, ta kunna zama ɗaya, ta riƙa amsa masa kamar yana nan: "Ƙarya kake yi, ba haka aka yi ba." Haka ta yi shekara uku.

Yayarsa, ma'aikaciyar jinya ce mai bakin da ya fi allurarta zafi, ta gaya masa ya fi sau hamsin ya kwafi muryar nan ya ajiye a wani wuri. Amsarsa ɗaya ce: "Gobe, Yaya." Ba a taɓa kwafa ba. Muryar Baba a duniya wuri ɗaya take, cikin wannan akwati.

Ran nan sauti ya ɗauke. Umma ta naɗe akwatin a tsohon zane, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Kwana nawa?"

"Haba Umma, ramin lasifika ne kawai. Kafin shayinki ya huce."

"Dalma."

"To, kwana biyu."

Gaskiya ya faɗa, aikin bai kai minti goma ba. Da a ranar ya mayar mata, da babu wannan labari.

Amma Dalma yana da ciwon da Yaya ba ta da maganinsa: gem, wato wasan kwamfuta, na tseren motoci. Kowace Asabar da ƙarfe huɗu masu shagunan layin sukan fafata, kowa daga shagonsa, kowa a gaban allonsa. Mai Kemis ya sayi sabuwar kwamfuta mai fitilu kala-kala kamar motar talla. Ta Dalma kuwa, da zarar ya iso kwanar da ke gaban gada sai hoto ya sandare. Kafin ya farfaɗo motarsa tana cikin rami, tayoyi na kallon sama. Mako tara a jere. Mai Kemis yakan leƙo daga tsallake ya ɗaga murya, "Injiniya! In turo maka likita ko makanike?" Layi duk ya kwashe da dariya. Mutumin da ke gyara wa kowa kwamfuta, tasa ce ke suma a gaban jama'a.

Ya ɗan tsinci wani bayani cewa ana haɗa kwamfutoci da yawa su raba aiki ɗaya. Rabin bayanin ya karanta, sauran rabin ya cika da kansa.

"Malam," ya ce da Tela, "idan mutum ɗaya ya kasa tura mota, me ake yi?"

"A kira direban ya zuba mai."

"A'a. A ƙaro mutane. Huɗu gare ni. Ga ta Baba biyar. Na ɗaure su wuri ɗaya, Mai Kemis ko ƙurata ba zai gani ba."

Tela ya cire zare daga bakinsa. "Ta tsohuwa fa ka ce?"

"Ƙarfinta kawai zan ara ta waya. Ba zan taɓa cikinta ba."

Yana da tsarinsa na aiki wanda yake alfahari da shi: kowace kwamfuta ta shigo shago, sai ya yagi salatif na takarda ya liƙa a gefenta, ya rubuta sunan mai ita da biro. A kan wadda Umma ta ba shi ya rubuta BABA da manyan baƙaƙe, sauran ya sa musu ɗaya zuwa huɗu. Ranar Asabar da hantsi ya jera su ɗaya bisa ɗaya a kan benci, ta Baba a can sama, ya zura musu wayoyin da za su isa a ɗaure giwa, ya kunna don gwaji. Fankoki biyar suka kama gurnani, har Mai Kemis ya fito yana duban sama ko jirgi ne. Dalma ya ja ƙofa, ya tafi kasuwar kayan wuta neman wata doguwar waya.

Awa biyu ya yi. Da ya dawo, ya tarar da ƙofa a wangale, akwatuna biyar a baje a ƙasa, Tela a tsaye yana musu fifita da kwali.

"Ka gode wa Allah," in ji Tela. "Ƙauri na ji har cikin shagona. Na taɓa ta sama, kamar tukunya. Na kashe wuta na sauko da su ɗaya-ɗaya, da wannan bayan nawa."

Dalma ya duba gefen akwatunan. Babu salatif ko ɗaya. Zafi ya narkar da gam ɗin, takardun sun nannaɗe sun zubo, iska ta tara su a bayan ƙofa. Ya ɗauki mai BABA, ya tsaya da ita a yatsa.

"Wacce ce ta sama?"

"Ina na sani? Duk baƙaƙe ne. Ni wuta nake gudu."

A nan ne mai hankali zai jona kowace da allo ya duba cikinta. Aikin rabin awa ne. Amma allo ɗaya gare shi, ƙarfe biyu ta wuce, kuma bayanin da ya karanta ya ce dole a goge kwamfutocin tas a zuba musu tsari iri ɗaya kafin su ji maganar juna. Huɗu zai goge, ya ware ta Baba. Sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da a duk duniya shi kaɗai za ta faɗo wa. Ya durƙusa, ya shiga shinshina akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ƙauri. Ta biyu ƙauri. Ta uku, sai ga shi nan, ƙamshin man zafi ɓaro-ɓaro.

"Ga Baba," ya ce, har da murmushi. Ya liƙa mata sabon salatif, ya ture ta gefe da wayarta a jone, ya bi sauran huɗun ya goge.

Ƙarfe huɗu aka ja layi. Shago ya yi zafin gidan biredi, Dalma ya cire riga, fankoki na ihu. Aka tashi. Motarsa ta fita kamar tana jin kunya. Ya juya sitiyari, sai kwamfutar ta yi shawara da 'yan'uwanta huɗu kafin motar ta juya. Wannan karon ko gadar bai gani ba, tun a kwanar farko ya shige cikin 'yan kallo. Ashe gem ba tura mota ba ne. Kowane motsi yana jiran wanda ya gabace shi, kuma kafin saƙo ya zaga wayoyi ya dawo, tsere ya yi nisa. Kwamfuta biyar ta fi ɗaya jan ƙafa. Mai Kemis bai ma yi masa ihu ba, ya tsallako ne da kansa ya ajiye masa ƙwayar ciwon kai biyu a kan benci, ya koma.

Washegari da safe, da sanyin jiki, ya jona wadda ya ware da allo don ya gwada sauti kafin ya kai wa Umma. Ta buɗe. Takardun tsohon ofishin nan ne a ciki, jerin sunayen ma'aikata da hoton wani mutum mai gashin baki yana yanka kek. Ya rufe, ya sake buɗewa. Mai gashin baki na nan.

Tela ya shigo aron almakashi, hannu ɗaya a ƙugu. Ƙamshi ya riga shi shigowa.

"Malam," Dalma ya ce, "me kake shafawa a bayanka?"

"Man zafi mana. Jiya da na sauke biyun farko bayan ya riƙe, sai da na koma na lafta shi kafin na ɗauki ta ukun. Rungumarta na yi ma, don..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi allon, ya dubi akwatuna huɗun da ke kan benci, ya zauna a kan kwalin linzamai ba tare da ya sani ba.

Dalma ya fizge wayar wuta daga bango. Wannan kam ya sani a sana'arsa: abin da aka goge ba nan take yake mutuwa ba, yana kwance a faifan ajiya har sai an rubuta wani abu a kansa. Amma ya zuba sabon tsari a kai, ya zuba gem mai nauyin tsiya, ya yi tsere a kan muryar ubansa. Kuma ko a yanzu bai san wacce ce a cikin huɗun ba.

Ya rufe shago ga jama'a. Ya mayar da ta mai gashin baki shugaba, ya tayar da sauran daga cikinta ta waya, ya sa kowace ta tone faifanta ƙwaya-ƙwaya tana turo abin da ta samu. Wannan aiki ne da ke rabuwa, kowa da gonarsa. Karo na farko da na ƙarshe ke nan da kwamfutocin nan biyar suka yi aiki tare yadda ya so. Wannan karon a ƙasa ya jera su da tazara, Tela ya kawo fankarsa ta tsaye, ya zauna yana ɗinki da hannu cikin zufa.

Litinin Umma ta kira. "Kwana biyun ka ce."

"Wani ɗan ƙarfe ne ba a samu ba, Umma."

Talata ta sake kira. Ba ta tambayi kwamfuta ba. Cewa ta yi, "Gidan ya yi shiru." Dalma ya ajiye waya ya kifa kansa a benci. Abincin da matarsa ke aiko masa Tela ne ke mayar da shi yadda ya zo.

Laraba da rana Yaya ta faɗo shagon da kayan aiki a jikinta. Ta dubi akwatuna, ta dubi wayoyi, ta dubi ƙanenta da ya zabge kamar an cire masa sukurori.

"Wacce ce ta Baba?"

Dalma ya ci gaba da kallon allo.

"Dalma, da kai nake. Wacce ce?"

Ya gaya mata duka, har shinshinar. Yana jira ta zage shi tun daga rediyo har zuwa yau, ya ma fi son hakan. Ba ta yi ba. Jakarta ta zame daga kafaɗa ta faɗi, ba ta ɗauka ba.

"Sau nawa na ce ka kwafa?"

"Da yawa."

"Saboda motar da ko taya ba ta da shi." Ta share ido da bayan hannu. "Ni ba zan gaya mata ba. Da bakinka za ka faɗa. Gobe. Kuma goben gaske, ba irin taka ba."

Alhamis da hantsi tonon ya ƙare. Ta biyu daga ƙofa ce ta Baba. Daga zama sama da ɗari biyu, guntaye goma sha ɗaya suka fito. Ya sa lasifikar kunne yana bi. Na farko shuuu kawai. Na biyu tari, sai ƙarar injin mota ta gem ta haye kansa. Wani kalma uku, wani rabin dariya. Ɗaya ne kaɗai ya fito da tsawo, minti biyu da 'yan daƙiƙai.

Kafin ya taɓa komai ya kwafe shi wuri bakwai. Tela ma sai da aka sa masa a waya.

Ya naɗe akwatin a zanen da aka kawo shi, ya ɗauka a ka kamar ɗan dako. Umma na falo, dutsen guga a jone, shayi a gefe, duk da rana ta take. Ya ajiye, ya jona, sannan ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ya faɗa mata. Bai rage komai ba. Ta saurara tana kallon bango. Rigar da ke ƙarƙashin dutsen guga ta fara ƙauri, shi ya miƙa hannu ya ɗage.

"Me ya rage?"

Ya kunna.

Gyaran murya. Ƙarar murfin kwalbar man zafi. "To, yana ɗauka kuwa? Yaron nan ya ce in na ga ja yana ɗauka. Yauwa. Ina muka tsaya? A tashar mota. Ni dai ina riƙe da akwatina, sai na ji wata yarinya tana gaya wa kwandasta maganar da ban taɓa jin an gaya wa namiji ba. Na ce a raina, wannan ko kyauta aka ba ni ba na so. Sai ta juyo..." Ya yi dariya, ya yi tari, ya bi ta kan launin ɗankwalinta da yadda ya rasa kujera saboda kallo. "Da motar ta tashi sai na ga ta manta lemarta a kan benci. Na ɗauka. Na ce to, yanzu ko dai in zama ɓarawo, ko kuma in..."

Shuuu.

Umma ta jira. Dalma ya san jiran me take yi.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Umma."

Ba ta yi kuka a gabansa ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta ce, "Tashi ka tafi wurin aikinka." Da ya kai ƙofa ta ƙara da cewa, "Akwatin nan ba ya sake fita daga ɗakin nan. Ko ya mutu, a nan zai mutu."

Ya watsa haɗin kwamfutocin a ranar. Wayoyin ya ba Tela yana ɗaure buhunan yadi da su. Asabar ta zo, Mai Kemis ya leƙo ya ɗaga hannu, Dalma ya girgiza kai, kuma duk layin babu wanda ya yi tsokana. Salatif ma ya daina amfani da shi. Yanzu da ƙusa yake karce sunan mai kaya a jikin ƙarfe, masu kawo gyara na ta ƙorafi, shi ko a jikinsa. Dangi da ba sa barin kowa ya sha ruwa lafiya sun ci gaba da yi masa tsiyar rediyo da fanka da tagogin surukai, amma babu wanda ke ambaton man zafi a gabansa.

Mako uku bai iya zuwa gidan da safe ba, sai da yamma, ya gaishe ta a tsaitsaye. Ran nan matarsa ta ba shi saƙo ya kai kafin ya buɗe shago. Yana cire takalmi a bakin ƙofa ya ji muryar Baba daga falo, tana gangarowa wurin lema. Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

"...ko dai in zama ɓarawo, ko kuma in..."

Shuuu.

"Ko kuma in bi motar," in ji Umma, dutsen guga na kai da kawo. "Na tari ɗan tasi, na ce bi waccan, ya ce da wane dalili, na ce lema. Ya dube ni ya ce, Malam, ko ruwa ba a yi." Ta yi irin tarin Baba a daidai inda yake yi. Ta wuce zuwa saukarsu, da ƙofar gidan da ya buga, da tsohon da ya buɗe masa, kalma bayan kalma, yadda ta ji shekara uku. Can ta dakata, ta sauya murya zuwa tata. "Ƙarya kake yi, ba tasi ba ne. Da ƙafa ka biyo mu, kana haki."

Ta tsayar da guga, kamar mai jiran a musa mata. Babu wanda ya musa.

Dalma ya ajiye saƙon a bakin ƙofa, ya mayar da ɗayan takalmin a hankali, ya tafi ya buɗe shago.